Ƙuri'a ta Bakwai

Okatoma, Mississippi
2 ga Nuwamba

Ƙanina Wendell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya sanyin Montana, yaya Bernadine da hawan jininta? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta ƙi daina ƙorafi, da kunnen nan da kullum ƙara nauyi yake. Likita ya ba ni wani ɗan abu in riƙa maƙalawa. Na maƙala wuni ɗaya, na ji irin maganganun da mutane ke yi, na cire na ajiye. Shi ya sa ka ga takarda maimakon waya.

Ba sai na faɗa maka ba, Alfadaranmu, ƙungiyar ƙwallon jami'armu, ba a doke su ko sau ɗaya ba a bana. Tun da aka kafa Jami'ar Okatoma ba a taɓa ganin haka ba, kai ma shaida ne, tunda a wuyan Baba ka girma kana kallon yadda ake lallasa mu a filin nan. To, tun ranar da jarida ta buga sunanka cikin mutum goma sha uku da za su zaɓi ƙungiyoyi biyun da za su buga wasan ƙarshe na kofin ƙasa, na rasa sakat. Mahauci sai ya ƙara min tsoka yana murmushi. Dattijo Cleophus na cocinmu, wanda ya yi shekaru ba ya gaishe ni saboda rigimar katanga, shekaranjiya ya zo da kansa ya gyara min famfo. Yana kwance ƙarƙashin wurin wanke-wanke yana cewa, "'Yar'uwa Odessa, ɗan uwan nan naki dai bai manta ruwan da ya sha ya girma ba ko?"

Kowa ya yarda gurbi ɗaya na 'yan Lakemont ne, ba gardama. Na biyun ne ake ja tsakaninmu da Redfield, su da aka riga aka kayar da su sau ɗaya. Ni ban ga abin ja a nan ba, amma an ce ku masu ilimin abin kun gani.

Ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Ka san ba mai hankalin da ke ɗaura aure ran Asabar a lokacin ƙwallo. 'Yar gidan Hattie ta gwada, daga ita sai ango sai fasto a coci, faston ma da rediyo a aljihu. Shi ya sa muka kai bikin 'yata Corliss Asabar ta farko a Janairu. Lokacin da muka tsayar da ranar, wa ya taɓa tunanin Alfadarai za su kai ko'ina? Yanzu ga shi ranar ce ranar wasan ƙarshe, angon kuma Lamar ne, wanda ƙafarsa ce ta ci mana wasa uku a bana. In kun zaɓe mu, ba ango, ba fasto, ba masu busa ƙaho, ba kowa.

Don haka ka faɗa min a asirce ina kuka dosa, in san ko in ɗaga bikin ko in bari. Ba wanda zai ji. Kuma kar ka manta alkawarin da ka yi wa marigayi mijina Ezell a asibiti, cewa kai za ka riƙe hannun 'yarsa ka kai ta gaban fasto.

Na haɗo maka da kek ɗin dankali irin na Mama.

Yayarki da ta goya ka, wato yayarka, ka ga har hannuna ya fara rikicewa,
Odessa

Montana
9 ga Nuwamba

Yaya Odessa,

Na samu takardarki, na gode. Bernadine ta ji sauƙi, tana gaishe ki. Ni ma lafiya, sai idanu da suka gaji da kallon kaset ɗin wasanni. Dusar ƙanƙara ta rufe mana ƙofa tun makon jiya. Ki mayar da abin nan kunnenki, don Allah, kuɗi aka sa aka saya.

Kek ya iso. Sai da na kai shi ofis na sanar cewa an aiko min da kyauta daga garin da ke da ƙungiya a takara, sannan na raba wa masu shara. Sun ce a gaishe ki. Kar ki ƙara aiko da komai sai an gama.

Kin ce ba wanda zai ji. Yaya, ke ce fa. Ranar da na faɗa miki zan nemi auren Bernadine, kafin in isa gidansu har an yanka kaza. Ko da ma bakinki na da murfi, mun yi rantsuwa ba za mu faɗi ra'ayinmu ga kowa ba, kuma ba zan taka Okatoma ba sai bayan ƙuri'a, ko ranar Idin Godiya ba za ku gan ni ba.

Abin da zan iya faɗa shi ne abin da kowane mai rediyo ke faɗa. Ba a doke ku ba, gaskiya ne. Amma su wa kuka buga da su? Akwai makarantar da kuka ci wadda ni da na yi shekara talatin a harkar nan sai da na nemi taswira. Redfield kuwa sun kara da manya huɗu, suka kayar da uku, na huɗun ya sha da ƙyar a gidansa cikin ruwan sama. Wasu kuma na cewa yaro ba ya zaɓar abokin karawarsa, wanda aka kawo masa shi zai kayar, kuma in cin duk wasanninka bai isa ba to me zai isa? Duk maganganun biyu suna da nauyi. Aikin ba irin na mahaucinku ba ne da zai ɗora a sikeli.

Ki gaida Cleophus, ki ce masa ruwan da na sha ta famfon gidanmu ya fito, kuma tun a lokacin yana yoyo.

Maganar Ezell ba sai an tuna min ba. Na riga na kai ɗinkin kwat.

Abu ɗaya nake roƙonki, ki karanta shi sau biyu. Kada ki taɓa ranar bikin nan. Ki bar ta inda take. Kada ki tambaye ni dalili.

Ƙaninki,
Wendell

Okatoma
16 ga Nuwamba

Wendell,

Muna lafiya. Gwiwa na nan yadda take. Ina fatan masu shararku sun ƙoshi.

Na karanta sau biyu kamar yadda ka ce, na ƙara na uku. Na gane. In bar ranar inda take, domin ka riga ka san ranar nan ba inda Lamar zai je. Da ka fito fili ka ce kun gama yanke mana hukunci tun ba a gama wasanni ba, da ya fi min wannan kwana-kwanar.

Taswira ka nema? Shekara nawa kocinmu yana rubuta wa manyan nan naka yana roƙon su zo mu kara, suna cewa ba su da rana? Sun ƙi buga wasa da mu, yanzu kuma an ce laifinmu ne ba mu buga da su ba. Redfield sun faɗi, Wendell. Ruwan sama aka ce. Ɗaya ƙungiyar a ƙarƙashin laima ta buga?

Ran Lahadi Fasto Ruffin ya yi wa'azi a kan Dawuda da Goliyat, bai ambaci ƙwallo ko sau ɗaya ba, amma da ya ce "akwai masu zama a ɗaki suna auna tsayin mutum da girman sulkensa" duk coci aka juyo ana kallona. Bayan an tashi Cleophus ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "To 'yar'uwa, me mutumin Arewa ya ce?" Na ce masa, "Ya ce a gaishe ka, kuma famfon da ka gyara ya koma yoyo." Ka ga duk haushinka da nake ji ban ba da kai ba. Amma raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Na zare wayar gidan daga bango. Mutanen da ban taɓa gani ba suna bugowa daga ƙauyuka, ni ba jin su nake ba, su kuma ba sa gajiya.

Corliss ce kaɗai ke kare ka. Ta ce, "Mama, ba ki san Kawu ba ne? Tsoro yake kar ƙuri'arsa ta ɓata min biki, shi ya sa yake ta nanata ranar." Na ce mata ita ce ba ta san shi ba, ni na wanke masa kashi. Amma maganar ta tsaya min a rai. Ka faɗa min wanne ne a ciki, raini ne ko tausayi.

Odessa

Okatoma
2 ga Disamba

Ƙanina,

Ina gaisuwa. Shiru ban ga amsarka ba. Bernadine ta aiko da kati ta ce kana ta yawon kallon wasanni daga wannan jiha zuwa waccan, gida ma sai ka zo canza riga. To Allah ya tsare. Mun ci talotalon Idin Godiya ba kai, na ajiye maka farantinka a kan tebur duk da haka, don mutane su gani su ji kunya a madadinka.

Na san ka ga wasan Asabar. Ana saura ƙiris a tashi, ana binmu maki biyu, aka turo Lamar ya yi bugun maki uku daga kusan tsakiyar fili, iska na kaɗawa. Na rufe ido. Ni da ba na ji, sai da na ji ihun nan a ƙirjina. Mun gama shekara ba a doke mu ba.

To, tunda ka ƙi amsa tambayata, na amsa wa kaina. In raini ne, na nuna maka mu nan ba mu da shakka. In tausayin Corliss ne, na sauke maka nauyin. Jiya Talata aka ɗaura auren Corliss da Lamar.

Kar ka ɗaga murya, ba ji zan yi ba. Ran Lahadi na kira su biyun na ce, me muke jira? Lamar ya ce, "Mama, ni ko yanzu aka ce in sa takalmi a shirye nake." Corliss ta ce Kawu fa? Na ce Kawu ya ce ba zai taka garin nan ba sai bayan ƙuri'a, bayan ƙuri'a kuma kowa na shirin tafiya wasan ƙarshe, wa zai tsaya biki? Ta yi kuka kaɗan, ta yarda. Cleophus ne ya riƙe hannunta. Ya taka mata gefen riga sau biyu, amma ya kai ta.

Ba a taɓa auren Talata a cocinmu ba, amma ya cika har waje. Duk 'yan wasan sun zo, benci ɗaya ya karye. An soya tarwaɗa, an yi burodin masara, masu busa ƙaho na jami'a suka raka su har mota. Ga abin da jarida ta buga na yanko maka. Ni na ce su sa cewa amarya 'yar yayar Wendell Magee ce na kwamitin ƙasa, don garin nan ya san ba mu jefar da kai ba.

Yanzu Asabar ta farko a Janairu a buɗe take. Ka shiga ɗakin ƙuri'ar nan ran Lahadi da zuciya ɗaya, ka yi abin da Baba zai yi.

Yayarka,
Odessa

Masauƙin kwamiti
7 ga Disamba

Yaya,

Ina lafiya, in dai ana kiran wannan lafiya. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Na fara takardar nan na yaga ya fi a ƙirga, wannan ko me ta zama ita zan aiko.

Takardunki biyu a tare na same su ran Juma'a, na biya gida ɗaukar kaya zan wuce filin jirgi. A cikin jirgi na karanta. Matar da ke kusa da ni sai da ta tambaye ni ko in kira mata ma'aikaciya.

Akwai doka a kwamitin nan. Duk wanda yake da ɗan uwa a wata ƙungiya, na jini ko na aure, har mijin 'yar ɗan uwa, to in an zo maganar ƙungiyar sai ya tashi ya fita, ba ya magana, ba ya ƙuri'a. Tun watan Agusta na gaya wa shugabanmu cewa Corliss na da baiko da ɗan wasan Okatoma. Ya duba, ya ce baiko ba dangantaka ba ne, muddin ba a ɗaura ba kujerata na nan. Abin da ya sa na ce kada ki taɓa ranar ke nan. In an zaɓe ku, sai a ɗaga bikin gaba da mako ɗaya, shi ke nan. Za ki ce me ya hana in yi miki bayani. Da na ce miki ina so in zauna a ɗakin, da kin gane inda na karkata, da kafin Lahadi Fasto Ruffin ya sa shi a wa'azi. Na ɗauka sau ɗaya a rayuwa zan ce miki ki bar abu ki bar shi.

Kar ma ki ce da na yi shiru wa zai sani. Ba zan yi shiru ba, ko da ba ki sa sunana a jarida da manyan baƙaƙe ba.

Jiya da aka zo gurbi na biyu, shugaba ya dube ni, na tattara takarduna na fita. Akwai wata kujerar roba a baranda kusa da injin ƙanƙara, a nan na zauna kamar ɗalibin da aka kora daga aji. Ina jin muryoyinsu ta bango, ba na jin me suke cewa, sai na tuna da ke. Sauran kin ji a rediyo, ko an faɗa miki. Shida da shida, kunnen doki. Doka ta ce in aka yi haka a ba wanda ya kara da manya. Redfield za su buga da Lakemont.

Tun Satumba nake kallon kaset ɗin yaran nan. Na san wanda ke ɗingishi yana ɓoyewa, na san yadda Lamar ke shafa ƙasa kafin ya buga. Na shirya maganar da zan yi a ɗakin nan har Bernadine ta haddace ta. Zan karya rantsuwata sau ɗaya, a gare ki ke kaɗai, kuma in kika faɗa wa wani sun cire ni da kunya. Yaya, ni ne na bakwai ɗin.

Amma ba wannan ne ya fi ci min rai ba. Ƙwallo ce, baɗi ma za a buga, ko da yake Lamar ba zai buga ba, tunda wannan ce shekararsa ta ƙarshe a jami'a. Cleophus ne ya riƙe hannun Corliss, Yaya? Mutumin da Ezell ya rasu ba sa magana? Kwat ɗina na rataye a ɗaki, ko gwada shi ban gama yi ba.

Ki gaida amarya da ango. Ki ce wa Lamar ban taɓa ganin bugu irin na ran Asabar ba.

Wendell

Okatoma
14 ga Disamba

Auta,

Gaisuwa. Muna nan da rai. Gwiwa ta kumbura, na mayar da abin kunne, na maida waya bango, ka ga ko ba komai ka ci wannan.

Takardarka na karanta ta a tsaye, na ƙarasa ta a zaune. Har yanzu ina ganin da ka ƙara layi ɗaya da duk ba a yi haka ba, kai kullum magana kamar ana sayar maka da ita. Amma na san wadda ta kira yara ran Lahadi ta ce me muke jira.

Garin nan kamar an yi mutuwa. Jarida ta ce ba ka cikin ɗakin, ba ta ce don me ba, sai kowa ya cike da nasa. Mahauci ya koma auna min nama daidai, har da ƙashi. An ce ka gudu ne don kar manyan Arewa su ga ka goyi bayan ƙauye. Cleophus ya ce, "Ni dama tun yana yaro na ga idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya."

Na faɗa wa Lamar dokar nan da bakina. Ya ce, "Ba komai, Mama, ai na samu Corliss." Daga nan ya nufi wurin itace ya kama faskare. Itacen da ya tara zai kai mu sanyin baɗi. Ban hana shi ba.

Jiya a coci, da Fasto ya ce ko akwai mai sanarwa, na miƙe. Na ce ƙanina bai gudu ba, fitar da shi aka yi, kuma auren Talata ne ya fitar da shi, auren da ya roƙe ni kar in matsar, na matsar, kuka zo kuka ci tarwaɗa. Na ce mai neman wanda zai zaga ga ni, gidana ba ɓoyayye ba ne. Sai Cleophus ya ɗaga murya daga baya, "To da yana ciki, wa zai zaɓa?" Wendell, amsar na kan harshena, har na ji ɗanɗanonta. Kalma ɗaya, da sun ɗauke ka a kafaɗa daga nan har Montana. Na ce, "Ban sani ba, ba ya faɗa min irin wannan." Na zauna. Ban taɓa yin abu mai wuya irinsa ba tun haihuwar Corliss.

Yanzu rabi sun daina gaishe ka a bakina, rabi sun daina gaishe ni. Za su huce, ko kar su huce.

Ga maganar ƙarshe. A cikin gaggawar nan ban soke ranar Janairu a coci ba, tana nan da sunanmu. Corliss ta ce ita auren Talata na gwamnati ne da na ƙwallo, nata sai ranar da kawunta ya riƙe hannunta. Fasto ya yarda zai sake sa musu albarka. Ba mai son kallon Redfield a garin nan, don haka karon farko a tarihin Okatoma za a yi bikin Asabar ana wasa, kuma ba rediyo a aljihun kowa.

Ka zo da kwat ɗin, ka zo da Bernadine. Wannan ranar ba zan taɓa ta ba ko sama za ta faɗo. Na ajiye maka kujera a layin gaba, kusa da tawa, a cikin ɗaki. Duk wanda ya ce ka tashi ka fita, da ni zai yi.

Yayarka,
Odessa